Ruwan da Kadi ta Tafasa

"Buɗe baki. Ƙara buɗewa. Yauwa!"

Yara sun yi layi a gindin tankin foraj, wato rijiyar burtsatsen garin, tun daga masu tallan ƙuli har masu yawo ba wando, kowa yana wage baki gaban baƙuwar da ta zo cikin farar mota. Ita kuwa ta duƙa, da safar roba a hannunta, tana leƙa haƙoransu ɗaya bayan ɗaya tana rubutu. Yaran Rijiyar Dado sun ɗauki abin wasa. Wanda aka gama da shi sai ya zagaya ya koma bayan layi don a sake duba shi.

Kadi tana tsaye a gefe da bido biyu, jarkokinta na ɗibar ruwa, tana jiran layin fanfo ya zo kanta. 'Yarta Radiya, mai shekara takwas, ba ta shiga layin ba, tana zaune a kan dakali saboda tsayuwa tana gajiyar da ita. Da baƙuwar ta gama da sauran sai ta taka da kanta ta zo wurinta.

"Ke fa, 'yammata? Ba za ki nuna mini naki ba?"

Radiya ta yi murmushi, haƙoran suka bayyana jajaye da ramuka, kamar na tsohuwar da ta shekara arba'in tana cin goro. Baƙuwar ta ce ta tashi ta ɗan taka. Yarinyar ta dafa dakali ta miƙe, ta yi taku biyar da ƙafafunta da suka lanƙwashe suka yi baka, tana rangaji hagu da dama. Alƙalamin baƙuwar ya tsaya.

A nan ne Kadi ta gane ta. Ta yi ƙiba, ta sa tabarau, amma tabon da ke gefen girarta yana nan.

"Baiwar Allah, ba ke ce mai kwalabe ba?"

Matar ta juyo. "Na'am?"

"Shekara shida ke nan. Kin zo a bayan moto mai ƙafa biyu da kwalin kwalabe, siririya da ke, kika ɗebi ruwan nan. Rana ta buge ki, na kai ki ɗakina na dama miki fura. Wannan tana goye a bayana a lokacin."

"Allahu akbar! Ni ce, Ramla. Lokacin ina ɗalibar jami'a." Ta kama hannun Kadi tana dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta sake duban ƙafafun Radiya, sannan ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su bukatar gyara.

* * *

Kafin foraj, garin yana shan rijiyar da ya ci sunanta. Wani makiyayi Dado ne ya haƙa ta tun zamanin kakanni, zurfinta gaba ashirin, kuma ruwanta bai taɓa yin fari ba. Shanu su sha, raƙuma su sha, igiyar guga ta bi ta cikin kashinsu ta koma ciki, mutane su ɗiba su kai gida. 'Ya'yan Kadi biyu wannan ruwa ya ci. Na farin, wanda har yau ba ta faɗin sunansa, zawo ya ɗauke shi cikin kwana uku. Ta biyu ko yaye ba a yi mata ba. Mata suka fara cewa Kadi wabi take yi, suna faɗa a ɓoye, amma a ƙauye ɓoye ba ya wuce katanga.

A shekarar da ta haifi Radiya aka haƙa foraj. Injin ya kwana goma sha biyu yana huda ƙasa, aka jera pano masu shan rana su ba fanfo wuta, aka ɗora tanki a sama. Ranar da ruwa ya fito fari tas, Maigari ya yanka sa, tsofaffi suka yi ta kuka don murna. Daga ranar babu wanda ya ƙara waiwayar tsohuwar rijiya. Aka daina yashe ta, rairayi ya yi ta zuba, wata damina bakinta ya rufta. Yanzu rami ne da ake zuba shara.

Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Da Kadi ta kai jaririyar awo likitar Belbeji, wato asibitin can, malamar jinya ta ce duk mai son ɗanta ya rayu ta riƙa tafasa masa ruwan sha. Sauran mata suka ji, suka bar maganar a bakin ƙofar likita. Kadi ta ɗauke ta ta kawo gida, ta riƙe ta kamar farilla.

Kowa ya san itace a ƙasar Damargu ba abin wasa ba ne. Kadi takan yi tafiyar rabin yini tana tsintar kara da kandilon shanu, ba don tuwo ba, don ruwa. Kuma ba ta yarda da tafasa ɗaya ba. A ganinta, idan tafasa kaɗan magani ce, to mai yawa ta fi, don haka takan bar tukunya a wuta har ruwan ya ƙone kusan rabi. Idan ya huce ta juye a wani ƙaramin tulu da ta ɗaura wa jan ƙyalle a wuya. Tulun Radiya ke nan. Ko mijinta Shu'aibu, da ƙishirwar gona a wuyansa, bai isa ya taɓa shi ba.

"Kadi mai dafa ruwa!" in ji mata idan sun wuce. "Yau ya nuna kuwa, ko da saura?"

"Ku dai yi ta dariya," takan ce. "Ni na san abin da na binne."

Da damina, sauran yara kan sha ruwan tabki, su tara na sama a ƙwarya, su yi ta zawo suna warkewa. Radiya ko ɗigo ba ta taɓa sha ba. Idan za ta gidan maƙwabta, da gorarta take tafiya. Kuma gaskiya ne, ba ta taɓa yin zawo ba, ta wuce shekarun da 'yan'uwanta ba su kai ba. Bakin masu cewa wabi ya mutu.

Da haƙoranta suka fito da ja, ba a damu ba, don na yaran garin duka haka suke fitowa. Sai ƙafa ta fara. Aka ce sanyin ƙashi ne, aka ce ta taka sammu, aka sha rubutu, aka je wurin mai ɗori, aka yi allura bakwai a Tanout. Duk lokacin da yarinyar ta yi kukan gwiwa, Kadi sai ta ƙara kara a murhu.

* * *

Da la'asar Ramla ta yi wa mutane bayani a ƙofar gidan Maigari. Ta ce can ƙarƙashin ƙasa, inda bututun foraj ya kai, akwai wani dutse mai sakin wani sinadari a ruwa, sunansa fuliyor. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma idan ya yi yawa sai ya shiga ƙashin yaro mai tasowa ya ɓata shi. Ta ce ta zo da wata dabara da suka gano a ɗakin bincike, suna so su gwada a gida goma.

Maigari ya yi godiya, ya ce Allah ya saka. Wani dattijo ya tambaya ko za a rufe foraj ɗin ke nan. Kowa ya san ruga nawa da garke nawa ke sha a wurin, kuma babu wani ruwa sai an yi tafiyar yini. Maganar ta mutu a nan.

Gidan Kadi aka fara zuwa. Ramla ta zauna a tabarma ta fito da wata 'yar na'ura mai kamar wayar hannu, ta ce a ba ta ruwan da Radiya ke sha. Kadi ta ɗauko tulu mai jan ƙyalle da hannu biyu, har da 'yar taƙama. Ramla ta zuba kaɗan a kwalba, ta ɗiga magani, ta saka a na'urar. Ta dubi lambar da ta fito, ta zubar, ta wanke kwalbar ta sake. Lambar ba ta sauya ba.

"Yaya Kadi, daga ina wannan ruwan?"

"Na fanfo ne."

"Ai ya kusa ninka na fanfo. Me kike sa masa?"

"Ni? Ba na sa komai, Madam. Dafa shi nake yi." Ta gyara zama, don yau ta samu mai ilimin da za ta gane ta. "Tun tana jaririya, kullum ta Allah. Ba irin tafasar ganin-ido ba, sai ya ƙone rabi nake saukewa. Ko ruwan sama ban taɓa bari ta sha ba. Tambayi kowa a garin nan."

Ramla ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Shu'aibu, da ke tsugune a bakin ƙofa, ya ce, "Madam, faɗi mana. Lafiya?"

"Yaya Kadi," Ramla ta ce a hankali, "idan gishiri ya yi wa miya yawa, kika bar ta a wuta ta ƙone rabi, me zai faru?"

Kadi ta shekara ashirin tana miya, ba ta bukaci a ƙara mata ko kalma ɗaya ba. Ta dubi tulun, ta dubi murhun da ko yanzu tukunya ke kai tana huci, ta dubi Radiya da ke wasa da 'yar tsana ta kara a inuwar rumbu. Duk ƙayar da ta taka a daji, duk hayaƙin da ya cinye mata ido, ashe da hannunta take haɗa wa 'yarta abin.

"Wuta tana kashe ƙwayar zawo," in ji Ramla. "Malamar jinya ba ta yi ƙarya ba. Da ruwan tsohuwar rijiya ne kike tafasawa haka, da babu abin da ya fi shi, don ita ba ta kai zurfin dutsen ba. Amma wannan, ruwan ne ke tashi, shi sinadarin ya zauna a tukunya."

Da Kadi ta buɗe baki, muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Yaushe kuka sani?"

Ramla ta sunkuyar da kai tana juya tabarau a hannu.

"Madam, tambayarki nake. Kwalaben nan da kika tafi da su, me suka gaya miki?"

"Sun nuna yana da yawa."

"Tun a lokacin?"

"Tun a lokacin. Wallahi na rubuta, Yaya Kadi. Littafi guda na yi a kai, na kai kwafi ofis uku da hannuna, aka buga mini hatimi. Na ɗauka za su zo."

"Da wane harshe kika rubuta?"

"Faransanci."

"Kika ci jarrabawa?"

Ramla ta gyaɗa kai, hawaye na zubo mata.

"To barka," in ji Kadi, kuma ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. "Amma motar kasuwa tana zuwa garin nan duk Laraba. Da ko direba kika ba saƙo, ki ce a gaya wa matar da ta dama miki fura ta sauke tukunya. Shekararta biyu a lokacin. Ƙafarta miƙe take sambal, na rantse miki da Allah."

Shu'aibu ya tashi ya fita, don ba ya so a ga idonsa. Kadi ta miƙe ta je murhu, ta janye karan ɗaya bayan ɗaya ta turmusa su a rairayi. Sannan ta dawo ta zauna.

"Za ta miƙe?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da ya lanƙwashe da wuya ya koma. Amma yanzu ƙashinta yake ginuwa. Idan ta daina shan sa, zai tsaya inda yake, ta ci gaba da tafiya da ƙafarta. Idan ba ta daina ba, wata rana zai kai ga baya."

* * *

Dabarar ba wani abin mamaki ba ce a ido: bokiti biyu, ɗaya a kan ɗaya, na saman cike da wani baƙin tsakuwa. Ramla ta ce gawayin ƙashi ne, ƙashin shanu da aka gasa a wani tanda na musamman a Damagaram, kuma shi ke kama sinadarin ya riƙe. Aka ɗan yi gardama a gari, wasu suka ce ba za su sha ruwan mushe ba. Liman ya tambaya, aka tabbatar masa daga mahauta ake karɓo ƙashin, na dabbar da aka yanka. Ya ce to babu laifi.

Kwana casa'in aka yi ana gwaji. Duk mako biyu farar mota ta zo, Ramla ta auna ruwan da ke ɗigowa a bokitin ƙasa, ta nuna wa Kadi lambar. Kadi ba ta iya karatu ba, amma ta iya karanta fuskar mutum. A wata na biyu Radiya ta daina farkawa da kukan gwiwa. A na uku ta taka da kanta har lakwal, makarantar boko, ta dawo tana ba da labarin allo da alli. Kadi ta fara yafe wa Ramla, har ta sake dama mata fura.

Ranar ƙarshe motoci biyu suka zo, da maza masu riguna iri ɗaya. Aka tsayar da Radiya kusa da bokitin aka ɗauki hoto, aka ce ta yi dariya haƙoran su fito. Babbansu ya ce gwaji ya yi nasara fiye da yadda aka zata, aka tafa.

Da za su tafi, Ramla ta ja Kadi gefe.

"Gawayin nan ya kusa ƙoshi. Idan ya ƙoshi ba ya ƙara kama komai, ruwa wucewa kawai yake yi, kuma ido ba ya ganewa. Sai an sauya sabo."

"To ina sabon?"

"Sai an amince da kashi na biyu na aikin. Mun rubuta."

"Kun rubuta," in ji Kadi.

Ramla ta ji nauyin kalmar. Ta rubuta lambar wayarta a takarda ta danƙa mata, ta ce wannan karon ba za ta ɓace ba. Ta ce idan damina ta zo, a tari ruwan sama gwargwadon iko a tafasa wa Radiya shi. A lokacin ko girbi ba a daɗe da gamawa ba.

Ba za a ce ba ta yi ƙoƙari ba. Bayan wata ɗaya direban motar Laraba ya kawo ƙullin gawayi, ragowar da ta kankaro a ɗakin bincikensu. Da ya ƙare Shu'aibu ya hau tudun da ake samun layin waya ya kira ta. Ta ce an kulle tandan, mai kula da shi ya koma wani aiki, amma tana bin maganar. Kira na uku wata murya ta ce Madam ta yi tafiya ƙasar waje, an gayyace ta ta ba da labarin nasarar da aka samu a Rijiyar Dado.

Shu'aibu ya tara samari su tone tsohuwar rijiya. Sun yi gaba biyu rairayi ya rufto, da ƙyar aka zaro ɗaya daga cikinsu. Maigari ya hana, ya ce sai da siminti da magina na gaske, kuma ya aika takarda. Shu'aibu ya ce zai riƙa zuwa da jaki wani foraj da ke hanyar Belbeji. Kadi ta tambaye shi ko akwai wanda ya auna wancan. Ya ja akalar ya mayar da jakin turke.

Ita kuwa ta bi mahautan kasuwa ta tsinto ƙasusuwa, ta haƙa rami ta gasa su da kandilo, ta daka a turmi. Na farko ya fito fari fat ya zama toka. Na biyu ya fito baƙi da maiƙo, ruwan da ya bi ta cikinsa ya yi rawaya yana warin ƙauri, Radiya ta kurɓa ta amayar. Ko da ya fito daidai, da me Kadi za ta gane? Na'urar ta tafi cikin farar mota. Ta wanke tsohon gawayin Ramla ta mayar da shi cikin bokiti.

* * *

Bazara ta kama da ƙarfinta. Da tsakar rana ko kaji sun buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, pano kuwa suna shan rana, tanki ya cika har yana zuba. Tukunyar ruwan nan tana kife a bayan ɗaki, tulu mai jan ƙyalle an mayar da shi na zuba wake.

Radiya ta kwana uku ba ta je lakwal ba. Tana kwance a tabarma a bakin ƙofa, ta ɗora hannu a ƙugunta, inda ciwon ya koma tun makon jiya.

"Inna, ƙishirwa."

"Yanzu fa kika sha."

"Tun da hantsi ne, Inna."

Kadi ta sani. Tun da hantsi take lissafe da shi, tana ja mata lokaci da hira, da tatsuniya, da ɗan tsamiya a baki. Matar da ta shekara takwas tana bin 'yarta da gora, yau ita ce ke yi mata rowar ruwa. Ta tashi ta ɗauki bido ta zuba a bokitin sama, ta tsaya tana kallon sa yana bi ta cikin gawayin da ta san ya daɗe da ƙoshi. Ya ɗigo a ƙasa fari tas, mai kyau, kamar ranar da Maigari ya yanka sa.

Ta ɗebi rabin moɗa, ta yi bisimilla, ta tallafo kan yarinyar. Radiya ta shanye a numfashi ɗaya, ta lashi leɓe, ta miƙo moɗar tana murmushi da jajayen haƙoranta.

"Inna, ƙara."

Kadi ta ɗaga kai ta dubi gabas. Sama fara fat, ko gajimare ɗaya babu, kuma da sauran wata biyu kafin a fara sa rai. Ta karɓi moɗar, ta kau da fuska gefe, ta sake tsoma ta cikin bokitin.